Kafin Ka Biya Kuɗin Gida, Auna Lungun Da Motarka Za Ta Bi

A hutun ƙaramar salla da ya wuce na je gida Rabah, na iske kawuna zaune a kan benci a bakin titi, gefen gingimarinsa mai taya goma, suna shan shayi shi da maigadi. Wannan motar ita ce jarinsa kaf. Da ita ake kwasar albasa da tafarnuwa daga Goronyo da Wurno zuwa kudu, a dawo da duk lodin da Allah Ya hore. Shekara biyu ke nan da ya sayi gida a cikin gari, kuma abin da ya ja hankalinsa ga gidan shi ne farfajiyarsa, fili ne da yara za su iya buga ƙwallo a ciki. Lissafinsa shi ne idan direba ya dawo daga tafiya a shigo da mota, a ja ƙyaure, kowa ya yi barci har da minshari. To har yau motar ba ta taɓa kwana a gidan ba. Lungun da ke kai mutum ƙofar gidan ya lanƙwasa sau biyu, kuma a lanƙwasa ta biyu akwai falwaya a dama, ga zauren maƙwabci a hagu. Ranar da aka gwada shiga, sai da aka yi awa biyu ana "zo, zo, tsaya!" kafin a samu a fitar da ita da baya.

Na ce, "Kawu, ba ku auna ba ne kafin ku biya?"

Ya ce, "Mun auna mana, ɗana. Hilin gida munka auna. Wa zai ce maka a auna hanyar mutane?"

Yanzu duk wata yana biyan maigadi, kuma duk da haka sau biyu ana kwance masa batir.

Na san wani zai ce ina ruwan ɗalibin da ke fama da kuɗin handawut da garin kwaki da maganar sayen gida. Da ruwanka, ɗan uwa. Ranar da ka koma gida da takardar difloma, kai ne za a kira idan Baba ko Yaya zai sayi fili, a ce zo ka duba mana tunda kai ne ka yi boko. Wasunmu ma da Keke Napep suke biyan kuɗin makaranta, kuma burinsu nan da 'yan shekaru su mallaki bas ko Canter. 'Yan sashen safiyo da na harkar filaye da gidaje kuwa, wannan abincinku ne nan gaba.

Matsalar ba mu kaɗai ta dama ba. A Amurka akwai wata irin mota da suke kira RV, gida ne sukutum a kan taya, da gado da kicin da banɗaki, suna tafiya yawon hutu da ita. Manyan cikinsu kan kai ƙafa 40 zuwa 45 a tsawo. A unguwanni da yawa ƙungiyar masu gidaje ta hana a ajiye irin wannan mota a ƙofar gida, shi ya sa mai talla gida a can yakan rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai wurin ajiye ta, kuma mai saye yakan zo da abin awo. Su don shaƙatawa suke wannan lissafi. Mu a nan motar neman tuwo ce: tarakta, tifar yashi, a-kori-kura, gingimari, tirela. Idan ta kwana a inda bai dace ba, tukunyar gida ce ke girgiza.

Fara da motar, sannan filin

Fulotin da aka saba yankawa a sababbin unguwanni shi ne ƙafa 50 da 100, wato kamar mita 15 da 30, abin da ya kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Da yawa kuma rabi ake sayarwa, 50 da 50. Yanzu ɗora motocin a kai. Keke Napep bai kai mita 3 a tsawo ba, faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ko a zaure mai faɗin ƙofa sai ya kwana. Doguwar Hiace, wadda ake ce wa Homa, ta ɗan haura mita 5. Canter tana tsakanin mita 6 da 7, gwargwadon bodin da aka ɗora mata. Tarakta ita kaɗai gajeriya ce, amma kar ka manta ba ita kaɗai take dawowa gida ba, tana jaye da garma ko haro ko tirelarta. Gingimari mai taya goma yakan kai mita 9 ko 10. Tirela kuwa, kai da bodi, tana kai mita 16 da rabi, faɗinta mita biyu da rabi, tsayinta sama wajen mita 4. Ka ga ke nan tirela ta fi rabin fuloti tsawo. Ko ba a gina komai a cikinsa ba, ba za ta shiga a rufe ƙyaure ba.

A cikakken fuloti ma, ba girman motar kawai za ka ware ba. Sai direba ya buɗe ƙofa ya sauko, sai bakanike ya samu inda zai kwanta ko ya ciro taya, kuma yawancin manyan motocin nan ana kifa kansu gaba ne kafin a kai ga inji, don haka gabanta ma yana son sarari. Ga tirela, ka ƙaddara zirin mita 4 da 20 ya tafi, murabba'in mita 80 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin shida na fulotin. Wannan mai sauƙi ne, kowa zai iya lissafa shi a bayan takardar siminti. Inda ake faɗuwa shi ne wajen juyawa.

Doguwar mota ba ta shan kwana kamar mashin. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki, kuma iya tsawon mota iya yawan yankewar. Shi ya sa za ka ga direban tirela ya buɗe sosai ya shiga hannun wasu kafin ya karya kan mota. Da yawa daga kawunan tirelolin da ke kan hanyoyinmu, irin su DAF da MAN da Mercedes, daga Turai aka kawo su, kuma ƙa'idar da ake ƙera su a kanta a can ita ce mota ta iya zagayawa tsakanin da'ira biyu, ta waje mai nisan mita 12.5 daga tsakiya, ta ciki mai mita 5.3. Cire ƙarami daga babba, za ka samu mita 7.2. Ma'ana, motar da faɗinta mita biyu da rabi ne, idan tana juyawa tana share hanya mai faɗin fiye da mita 7. Gingimari bai kai haka ba, amma shi ma abin da yake ci a kwana ya ninka faɗinsa. Daga nan ne wata ƙa'ida mai sauƙi ta fito: idan titin gaban gida matsattse ne, dole get ya yi faɗi ƙwarai, idan titin na da faɗi, get madaidaici ya isa. Idan kuma titi matsattse ne, ga gini ya tokare kusurwa, to ko katangar gaba duka ka rushe ba abin da zai canza, domin motar ba za ta iso ba balle ta shiga.

Tsofaffin garuruwanmu kuwa ba don mota aka tsara su ba. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Rabah, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, ta daɗe da zama gari kafin mota ta farko ta taka ƙasar Sakkwato. Lungunan cikin gari an bar su ne daidai jaki da mangala, da doki, da raƙumi da kayansa. Malamai ma sukan kawo hadisin da ya nuna idan aka yi jayayya kan faɗin hanya a bar zira'i bakwai, wato mita uku da 'yan kai. Ga raƙumi wannan yalwa ce. Ga gingimari kuwa, da ƙyar madubi zai tsira. A kan wannan kuma sai ka ƙara abin da zamani ya kawo: wancan ya fito da dakali, wannan ya kafa rumfar shago, an haƙa kwata a gefe, an dasa falwaya.

Saboda haka awo daga babban titi ake fara shi, a biyo hanya taki-taki har ƙofar gida, ana duba inda ya fi matsewa. Amma ni a ganina ba awon da ya kai a kira direban ya zo da motar kanta, ya shiga, ya juya, ya fito, mai sayarwa da dillali suna tsaye suna kallo. Man da za a ƙona bai kai kuɗin maigadi na wata ɗaya ba. Idan dillali ya fara cewa "haba Alhaji, ai ko jirgi sai ya shiga nan," ka ce to madalla, bari mu gani. La'adarsa yake nema, kuma ba shi zai kwana a bakin titi ba.

Ƙasa da sama

Mu ɗauka motar ta shiga. Saura abin da za ta taka. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 na siminti daga Kalambaina tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Ƙa'idar ƙasashen ECOWAS ta ba gatari guda na babbar mota damar ɗaukar tan 11 da rabi, kuma kowa ya san yadda ake lodi a ƙasar nan, sau da yawa ana zarce haka. Wannan nauyi titin kwalta aka gina dominsa. Daɓen tsakar gida da aka yi da ɗan siminti a kan yashi ba zai yi wata guda ba zai farfashe. Wurin tsayuwar babbar mota yana son a kwashe ƙasar sama, a zuba marmara a daddaɓe ta sosai, in da hali a zuba kankare mai kaurin inci 6 zuwa 8 da rodi a ciki. Wannan kuɗi ne, kuma a cikin farashin gidan ya kamata ka lissafa shi tun kafin ciniki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ramin da ba a gani. Gidaje da yawa sokawe ɗinsu a bakin ƙofa yake ko a farfajiya, an rufe da silab an bi da ƙasa. Akwai tsofaffin masai da rijiyoyin da aka cike da shara shekaru da suka wuce, akwai kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa aka cike daga baya aka yanka fuloti a kai. Mutum zai taka lafiya, mashin zai wuce lafiya, ranar da tayar baya ta gingimari ta hau sai a ji rugum. Mai sayarwa ba lalle ya faɗa maka ba, wani lokaci shi ma bai sani ba. Tsofaffin unguwa su ne suka sani. Ka gaishe da dattijon da ke zaune a ƙofar masallaci, ka ce, "Baba, da can mene ne a wurin nan?" Amsarsa takan fi taswira amfani. Haka ɗan silab ɗin da ake ɗorawa a kan kwata a ƙofar gida, don ƙananan motoci aka yi shi, kai kwalbati na gaske kake buƙata.

Sai ruwa. Yankinmu na gulbi ne. Rabah tana bakin gulbin Sakkwato, wanda madatsar Bakolori ke samansa a Zamfara tun 1978. Wurno da Goronyo suna kan gulbin Rima, ƙarƙashin madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai cin ruwa kubik mita miliyan 942. Wanda ya yi wayo a watan Satumba na 2010 yana tune da ambaliyar da ta biyo Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Filin da ke gangaren fadama yakan yi arha, ga faɗi, ga shi shimfiɗe, da rani kuma ƙasarsa tauri kamar dutse. Laka ce. Da ruwan Agusta ya sauka sai ta zama tarko, mota mai nauyi ta nutse har gatari, a koma neman tarakta ta jawo ta. Jigawa mai zurfin yashi ita ma tana da nata, da rani take kama mota. Fako ko ƙasa mai tsakuwa a kan tudu ita ce abin nema. Idan ka ga fili a watan Maris ya burge ka, yi haƙuri ka sake zuwa bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, har da hanyar da za ta kai ka can.

Ɗaga kai kuma ka dubi sama. Wayar da aka jawo daga falwaya zuwa gidaje sau da yawa tana lilo ƙasa-ƙasa, ga lodin albasa da ake tulawa ya wuce bodi, ga yaran mota zaune a kai. Get mai ado da aka yi wa baka a sama yana da kyau a hoto, amma idan bai haura mita 4 da rabi ba, gara a bar saman a buɗe. Fili mara gini da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki kuwa, wanda dillali zai nuna maka ya ce ga wurin fakin kyauta, ba a banza aka bar shi ba. Ƙa'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ware zirin mita 11 ga layin 11kV da 33kV, mita 30 ga 132kV, mita 50 ga 330kV, ba a gini a ciki. Tifa ta ɗaga bodi a irin wannan wuri, sai dai a yi salati.

Filin da ka gani, naka ne?

Nan ne ɗan boko zai yi wa danginsa rana. Sau da yawa sararin da ya sa mutum ya so gida ba ya cikin abin da aka sayar masa. Fili ne a gaban gida ko a gefensa, mai gida ya daɗe yana ɗaure shanu a wurin, sai a ce maka "ai duk nan namu ne." Wata rana sai ka wayi gari an kafa turaku, ashe hanya ce a tsarin unguwa, ko filin wani ne da ke Legas, ko na makaranta.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da wannan haƙƙi, da takardar da muke kira C of O, wadda galibi ta shekara 99 ce. A wajensu ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya. Dokar ta kuma ce sayar da wannan haƙƙi sai da amincewar hukumar da abin ya shafa, gwamna ko ƙaramar hukuma. Kuma idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya. Farfajiyar da ba komai a kanta sai sawun taya, ka ga ba abin kirki da za ka kama.

A aikace, yawancin cinikin gida a garuruwanmu da takardar hannu ake yin sa, da shaidu, da sa hannun mai unguwa ko hakimi, wani lokaci har uban ƙasa. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin su suka san tarihin wuri. Sai dai takardar da ta ce "gida ɗaya da filinsa" ba ta ce komai ba. A rubuta tsawo da faɗi da lamba, a rubuta wanda ke gabas da yamma da kudu da arewa, a kira maƙwabtan su tsaya a kan iyaka ranar awo, a samu safiyo ya zana ya kafa duwatsun iyaka. Sannan a je sashen filaye na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar filaye a Sakkwato idan wurin na da takardar jiha, a tabbatar ba hanya ba ce, ba a kuma ba wani ba.

Idan gidan gado ne, kuma yawancin manyan gidajen cikin gari masu farfajiya na gado ne, ka tabbatar an raba, ko duk magada sun yarda, mata da maza, na gida da na nesa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi akwai shuf'a: idan ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da damar mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi wurin. Ka gama zuba marmara da kankare sannan a zo maka da wannan magana, ba daɗi. Haka idan shigar motarka ta dogara da ratsa gefen filin maƙwabci, "ba komai, ku riƙa wucewa" ba hujja ba ce. Mai wannan alheri zai iya rasuwa, 'ya'yansa su sayar, sabon mai wuri ya ja katanga. Ko ka sayi zirin, ko a rubuta.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi a kanka. Injin dizal da ake tayarwa kafin asuba a bar shi yana ɗumi, hayaƙinsa ɗakin wani yake shiga. Baƙin mai da ake zubarwa a ƙasa yana bin ruwa ya gangara rijiya, kuma unguwanni da yawa da rijiya suke sha. Jarkokin mai a gidan da ake girki da itace, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kowa ya san ƙarshen labarin. Mafi girma duka, yara. Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke bayansa ko dab da gabansa, kuma inuwar ƙarƙashin mota wurin wasa ce a wajen yaro. Idan mota za ta zauna cikin gida, a raba wurinta da tsakar gida da katanga, da ƙofarta daban.

Da za a tambaye ni, ga yadda nake gani. Keke, bas, a-kori-kura, tarakta, har Canter, duk suna iya zama gida ɗaya da iyali idan fuloti cikakke ne kuma titin gaba ya kai mita 8 ko 9, musamman fulotin kusurwa mai fuska biyu. Daga gingimari zuwa tirela kuwa, na fi ganin hikimar mutum ya sayi gidan zama inda hankalinsa ya kwanta, ya nemi wani fili dabam a bakin babban titi, ko shi kaɗai ko su haɗa kuɗi su uku ko huɗu, su kewaye, su ɗauki maigadi ɗaya. Na san abin da za a ce, bakin gari ya fi arha da yalwa, me zai hana a haɗa gida da gareji a can? A da, haka ne. Amma duk ɗan gabashin Sakkwato ya san halin tsaron da ake ciki tun hare-haren yankin Gandi na 2018, kuma gidan da ya fi kowane fita waje, ga babbar mota tsaye tana shelar cewa mai gidan na da abin hannu, ba kowa zai so iyalinsa su kwana a ciki ba. Wannan awo ne da tef ba ya yi, kowa shi zai duba garinsu da unguwarsu.

Shi kawu yanzu dabara ɗaya ta rage masa. Bayan gidansa akwai wani kango da ya fuskanci hanya mai faɗi, idan ya samu ya saya sai ya fasa ƙofa ta can. Wannan karon mun fara da hanyar, ni na riƙe bakin tef, direba ya zo da mota ya gwada kwanar, ta shiga ba ko gogar bango. Kangon na magada tara ne. Takwas sun yarda, na taran yana ci-rani, an ce sai bayan girbi zai dawo.